Kududdufin Kafaran

Kafaran Mainassara, wato kofur a sojan Nasara, ya dawo Magariya daga yaƙin Indushin, can ƙetaren teku, da ɗingishi a ƙafar hagu, da pansiyo, da kuma wani buri da bai gaya wa kowa ba sai ranar da kamyo ya sauke masa buhunan siminti a ƙofar gida. Zamanin Nasara ne, Kumandan yana bariki, gyaɗa tana tashe, kuma duk wanda aka ga siminti a ƙofarsa an san ɗaki zai yi ko kanti. Shi kuwa Mainassara rami ya sa aka haƙa a bayan gida, faɗinsa ya kai ɗaki, zurfinsa ya kai ƙirjin namiji. Ya ce in an shafe shi za a cika shi da ruwa, shi kuma ya riƙa shiga yana iyo.

Can inda ya yi soja an taɓa sa shi gadin irin wannan rami a gidan hafsoshi. Yana tsaye da bindiga cikin rana, gumi yana bin bayansa, Turawa suna faɗawa ruwa suna ƙyaƙyata dariya, shi kuwa ko yatsa ba a yarda ya tsoma ba. Tun a nan ya ƙulla a ransa cewa in Allah ya mai da shi gida da rai sai ya yi nasa. Abin yana da suna a bakinsa, wai fisin. Mutanen unguwa suka juya sunan a baki ya ƙi zama, sai suka ce kududdufin Kafaran, haka kuwa ya bi shi.

Wanda ya raɗa wa ramin wannan suna shi ne Gajere, mai awon hatsi a kasuwa, maƙwabcinsa kuma taubashinsa, don uwar Mainassara da uban Gajere ciki ɗaya suka fito. Katangar ƙasa guda ce ta raba gidajensu. Tsakanin taubasai kuwa an sani, babu kunya babu fushi, kowa ya ga ɗan'uwansa sai ya yage shi, jama'a su sha dariya. Tun da Mainassara ya dawo mutane suka canza masa. Sa'o'insa da suka yi kiwon awaki tare suka koma rusuna masa suna cewa Kafaran. In ya iso majalisa sai a gyara zama a rage murya, sai ka ce gardin Kumandan ne ya zo karɓar haraji. Gajere kaɗai ke tsayawa tsakiyar kasuwa ya ƙwala masa kira, "Gurgu!" Duk sa'ad da ya ji wannan kira sai ya tabbata lalle ya dawo gida. Bai taɓa faɗa ba, ba kuma zai faɗa ba, amma duk Magariya ba shi da abin da ya kai masa bakin Gajere.

Ranar da magini ya gama shafe, Gajere ya shigo ba sallama, ya tsaya bakin ramin ya riƙe ƙugu.

"Gurgu, wai da gaske cikin nan za ka zauna kamar kwaɗo? Mutum ya wanke dauɗarshi, ya kuma kwanta ciki?"

"Kai me ka sani, bawana? Iyakar yawonka Bande. Wannan simintin Kano ne, ba irin taɓon da ka liƙa kake ce mishi gida ba."

"To taɓon nawa dai ka zo ka raɓa. Duk faɗin gidan nan ba ka ga wurin haƙa ba sai gindin katangata?"

"Nan inuwa take."

"Inuwar ma tawa ce, ka sace."

'Yan ga-ruwa suka yi ta jigila daga rijiyar unguwa har ramin ya cika. Mainassara ya shiga da gajeren wandon soja. Ruwan ya ɗauke masa nauyin ƙafar nan da ta daɗe tana cin sa, ya kwanta rigingine yana kallon shirwa tana shawagi can sama. Hawaye ya zo masa, ya yi maza ya nutsa kai don kada matarsa Baturiya ta gani. Kwanakin nan na farko an ga haƙoransa fiye da yadda aka gan su tun dawowarsa.

Abin da bai lura da shi ba a gidan hafsoshi shi ne, ajiyayyen ruwa ɗawainiya gare shi kamar doki. Kafin sati ya zagayo ruwan ya soma kore, gansakuka ta kama gefe, santsinta ya kusa karya masa ƙafar mai lafiya. Itacen dogon yaro na gindin katanga ya riƙa zubo ganye kamar an aike shi. Kwaɗi, waɗanda ba a san inda suka ji labari ba cikin wannan rani, suka tare da iyalansu. Akuyar Baturiya ta faɗa, aka tsamo ta da kyar tana atishawa. Sannan gardin likita, mai bi gida gida yana leƙa randuna saboda tsutsar sauro, ya shigo ya tarar da randar da ta fi ƙarfin ludayinsa. Ya ce ko a zuba kananzir ko a riƙa sauya ruwa. Mainassara ya zazzaga masa Faransanci har ya fita da baya, amma dai ya koma sayen alif yana jefawa, yana tsame ganye da rariya ɗaure a bakin gora. Duk wannan ya ɗauka da haƙuri. Abin da ya hana shi sukuni daban ne, wato ruwan yana raguwa.

Da fari ya ce rana ce ke sha, ya sa aka rufe ramin da zana. Da yamma ya ja layi da gawayi daidai bakin ruwa, da safe ya ɗaga zana ya tarar ruwan ya sauka ya bar layin a sama. A cika, ya sauka. A sake cikawa, ya sake sauka. Mutumin da ya yi shekaru yana gadi, in abu ya ɓace tunani ɗaya ke zo masa, wani ya shigo.

"Maigida," in ji Baturiya, "a Magariya wa zai saci ruwa? Nan fa ba arewa ba ce. Rijiya ga ta a kowane lungu, kana zura guga ta taɓa. Kuma ruwan da kwaɗi suka haihu ciki, wa ke so? Ko dai ramin ke yoyo?"

"Simintin Kano? Atansiyo, Baturiya! Ni na tsaya kan magini da ƙafata har ya gama."

Ya fara da 'yan ga-ruwa. Ya ce su ne ke zagayowa su kwashe abin da suka zuba, don a sake kiran su. Ya sallame su ya ɗauki wasu, ruwa bai fasa sauka ba. Ya koma kan Baturiya, yana bin randunanta yana ɗanɗanawa ko zai ji baurin alif. Ta kama shi da moɗa a hannu, ta dube shi kawai, sai dai an yi kwana biyu tuwo yana zo masa ba man shanu. Daga nan ya barbaɗa toka kewaye da ramin. Da safe ya tsuguna yana karatun sawu kamar mafarauci, ga na kyanwa, ga na bushiya, ga na kaji, ga nasa mai jan ƙafa. Babu na wani mahaluki. Da wani ne ya ga haka da hankalinsa ya kwanta. Mainassara kuwa cewa ya yi ɓarawon gwani ne, in ba ta ƙasa yake zuwa ba, to ta sama yake zuro guga. Ya ɗaga kai, idonsa ya sauka kan katangar.

Ya yi a'uzubillahi ya kau da kai. Ya tashi ya share tokar da kansa, yana jin haushin zuciyarsa.

Labari ya kai majalisar ƙofar masallaci, don Magariya ba a ɓoye mata komai. Kowa ya kawo nasa. Wani ya ce aljanu ne ke zuwa shayar da dabbobinsu, wani ya ce ai ruwan da aka tsare ba bisa ƙa'ida ba guduwa yake yi. Gajere ya bari aka gama, sannan ya gyara hula.

"Ku daina wahalar da kanku, ni ne. Kullum sai na zura wasaki ta kan katanga na ja, in ba jakina, in yi wanka, ragowar in kai wa mutanen Dungas. Kayan taubashi ai halal ne."

Aka tuntsire da dariya, har Malam Dikko liman sai da ya rufe baki da hannun riga. Mainassara ma ya yi dariya, ya ce zai ɗana wa wasakin tarko. Amma da ya tashi maganar ta bi shi gida. Ya ce a ransa, in mutum yana so ya ɓoye gaskiya, ina ya fi cikin wasa? Shi da kansa ya ji kunyar wannan tunani, sai dai kunyar ba ta kori tunanin ba. Daga ranar ya koma sauraren katanga. In ya ji ƙarar ruwa a gidan Gajere ya ce ga shi nan. In ya ji shiru ya ce ai sun san yana saurare.

Ana nan, rannan da azahar Zuwaira matar Gajere ta aiko da kwano, yadda gidajen biyu suka saba tun zamanin iyaye. Miyar ɗanyar yakuwa ce, ta ji daddawa. Mainassara ya ci ya suɗe hannu, ya tambaya ko daga fadama aka sayo ganyen.

"Ina!" in ji Baturiya. "Bayan ɗakinta ta shuka. Ta ce wurin ya yi damshi shi kaɗai, har kabewa ta yaɗu."

Ya ajiye kwanon a hankali. Ya jira ta shiga madafa, ya mirgino turmi ya kifa a gindin katanga, ya hau. Ƙato da shi, tsohon soja mai lambar yabo a akwati, yana leƙen gidan mutane. Ga shi kuwa, cikin wannan zafi da ko ciyawar bakin hanya ta ƙone, bayan ɗakin Zuwaira kore shar, yakuwa ta kai gwiwa, kabewa ta miƙe, ƙasar wurin baƙa wuluk don laima. Ya sauko daga kan turmin. Abin takaici, cikin ɓacin ran nan har da wani ɗan daɗi, wai ashe bai yi kuskure ba.

Ba a daɗe ba Gajere ya shigo, wannan karon babu wasa a fuskarsa.

"Gurgu, zo ka ga wani abu. Gindin katangar nan ya jiƙe ta wajena, kana taɓawa ƙasa tana zubowa. Ɗakin Zuwaira kuwa da ita ya jingina. Ramin nan naka yoyo yake. Ka kwashe ruwan a duba, tun abin bai yi nisa ba."

Magana ce a fili, babu kwana. Amma Mainassara ya riga ya yanke shari'a a ransa, duk abin da ya zo bayan nan shaida ne kawai. Ya ce wato an gane ya ga lambun, shi ne aka rigaye shi da dabara.

"Guga in ana jan ta ta kan katanga," ya ce a hankali, "dole ta yi zuba."

Gajere ya yi dariya, yana jiran ya ga irinta a fuskar ɗan'uwansa. Bai gani ba.

"Kai, Gurgu. Da gaske kake?"

"Na ga lambun."

"Leƙa mini gida ka yi?"

"Gadin kayana nake."

Gajere ya daɗe yana duban sa. "Ni, ɗan kawunka," ya ce. "A kan ruwan kwaɗi." Ya karkaɗe riga ya fita.

Baturiya ta fito daga madafa da muciya a hannu, don komai a kunnenta aka yi. "Maigida, don Allah ka bi shi. Ka ce wasa ne. Tsakaninku ai komai wasa ne, yanzu in ka faɗa ya wuce."

Gaskiya ta faɗa, shi ma ya sani. Da ya taka ƙofa ya ƙwala masa "bawana", da an gama. Amma in ya ce wasa ne ya yarda ke nan simintinsa na yoyo, ya yarda a kwashe ruwa majalisa ta zo kallo, a ce ramin da Kafaran ya ƙetare teku ya koyo ko randar tsohuwa ta fi shi riƙe ruwa. Ya zauna bai bi shi ba.

Akwai wata al'ada a garin. In an yi wa mutum sata ya rasa ɓarawo, sai ya sa a yi shela za a ja Yasin. A ba da wa'adi, wanda ya ɗauka ya mayar a ɓoye, in ya ƙi kuwa duk abin da ya same shi shi ya ja wa kansa. Mutane sun fi tsoron wannan da gidan kaso. Mainassara ya tafi wurin Malam Dikko da wannan bukata.

"Kafaran," in ji liman, "na ji ana yi a kan saniya, na ji ana yi a kan hatsin rumbu. A kan ruwa? Ruwan da ko maƙiyinka ya roƙa ba ka hana shi? Littafin Allah ba abin razana maƙwabta ba ne. Ni ba zan karanta ba."

Bai yi gardama ba, don shi ma ba karatun yake so ba. So yake ɓarawo ya tsorata, ruwa ya daina sauka, shi ya tabbatar da abin da ya sani, sannan ya yafe cikin girma. Har ya tsara kalmomin da zai yafe wa Gajere da su, yana maimaita su yana jin kansa mutumin kirki. Sai ya tsallake liman. Bayan sallar la'asar ya miƙe a ƙofar masallaci ya faɗa da bakinsa, duk gidan da ruwansa ke shiga, ya ba shi zuwa Jumma'a. Bai kira suna ba. Ba a ma bukaci suna ba, idanu suka juya wajen Gajere, wanda ya sunkuya yana neman takalmansa.

Ran Alhamis ya sa 'yan ga-ruwa suka cika ramin har baki, fiye da yadda aka taɓa cika shi, don ya ga ko tsoro ya kama ɓarawo. Ran Jumma'a, maza suna masallaci, rana tsaka, babu hadari babu iska, katangar ta zauna. Ta tafi da bayan ɗakin Zuwaira, da gadonta, da jeren kwanonin da ta zo da su gidan aure. Allah ya kiyaye tana tsakar gida tana tankaɗe, ba wanda ya ji ko ƙwarzane.

Kafin a sauko daga masallaci labari ya riga mutane zuwa gida.

"Ko karantawa fa ba a yi ba!"

"Katanga ta faɗi da rani? Ka taɓa ji?"

"Ai da bakinshi ya faɗa, muna zaune. Har wasaki ya ambata."

Waɗanda suka fi kowa dariya ranar nan su suka fi kowa saurin ba da shaida. Malam Dikko ya yi ta cewa shi fa bai karanta komai ba, bai sa kowa ya karanta ba, wannan kuwa sai ya ƙara wa abin kwarjini. Ran kasuwa, matan da ke aiko wa Gajere hatsinsu daga cikin gida ya auna ya sayar musu, duk suka aika wa wani. Suka ce wanda ya iya satar ruwa, me zai hana shi cin tiya? Ya shimfiɗa tabarmarsa, ya kifa ƙwaryar awo, ya zauna har rana ta karkata ba wanda ya tsaya. Wata kasuwar ta zagayo, haka. Masu wucewa ta gabansa har gyara riƙon kayansu suke yi.

Mainassara ya sami abin da ya nema, ya kuwa rasa inda zai sa shi. Ana tare shi a hanya ana yi masa barka, shi kuwa abinci ya daina shigar masa. Ya ce bari ya fara da kwashe ƙasar da ta zubo ta wajensa, in ya gama ya je ya yi yafewar nan da ya tanada. Ya ɗauki fartanya ya nufi bayan gida. Bisa sabo ya ɗaga zana ya dubi layin gawayi. Ruwan ya sauka. Ga shi babu katangar da za a zuro guga ta kanta, su Gajere kuma sun koma zaure can gaban gida, kowa na ganin shigarsu da fitarsu.

Ya fara sara a gindin inda katangar take. Ƙasa ta zo masa taɓo. Ya bi taɓon yana tona, ba gidan Gajere ya nufa da shi ba, baya ya yi ta dawo da shi har fartanya ta daki jikin siminti. Ya ajiye ta ya sa hannu yana yaye ƙasa. Tsaga ce siririya kamar zare, ta taso daga gindin ramin ta haura, ruwa yana tsattsafowa ta cikinta yana bin ƙasa, bai da gaggawa. Ya ɗora yatsa ya ji sanyinsa. Ya zauna daɓas cikin taɓon. Baturiya ta zo ta tsaya a kansa, ta ga tsagar, ta koma madafa. Da ta ce ai na faɗa maka, da ya fi masa sauƙi.

A faɗi gaskiya, bai ɓoye ba. Ranar, ko taɓon rigarsa bai gama bushewa ba, ya miƙe a daidai wurin da ya yi shelar farko.

"Jama'a, ku saurare ni. Ni na yi kuskure. Ramina ne ya tsage, ruwan ta ƙasa yake bi, shi ya cinye katangar. Gajere bai ɗauki ko ɗigo ba. Ya ma zo har gida ya gaya mini, na ƙi ji. Ku zo ku gani da idonku."

Can wani dattijo ya gyaɗa kai.

"Allah ya yi maka albarka, Kafaran. Haka ake son mutum, ya rufa wa nashi asiri."

Aka amsa da amin ta ko'ina.

"Ba rufin asiri ba ne! Na ce ku zo ku ga tsagar!"

Wasu suka bi shi, don dama sun daɗe suna son ganin kududdufin. Suka tsuguna suka duba, suka taɓa, suka dubi juna.

"Ai faɗuwar katangar ce ta tsaga shi," in ji ɗaya.

"Ƙwarai. Wannan nauyi ya faɗo kusa da abu, ya ƙi tsagewa?"

Ya yi musu bayani da Hausa, ya ƙara da Faransanci, ya rantse da abin da zai kashe shi. Duk rantsuwar da ya yi sai girmansa ya ƙaru a idonsu, Gajere kuma ya ƙara nutsewa, ana cewa dubi bawan Allah yana ɗaukar wa kansa laifi saboda ɓarawo. Ya bi majalisa majalisa, ya je har rumfar masu awo, ko'ina albarka ake sa masa. Bai taɓa jin yabo mai ɗaci irin wannan ba. Malam Dikko kaɗai ya ja shi gefe.

"Ni na yarda da kai, Kafaran. Amma ba ni ke aika hatsi kasuwa ba."

Wata safiya ya ji motsin jakuna a maƙwabta. Ya fito bayan gida, ya taka kan tarin ƙasar da ta kasance katanga, ya shiga gidan Gajere. An ɗaure tabarmi, an naɗe 'yan tsummoki, turmi yana kwance gefe. Ɓaɓura za su, can ƙetaren iyaka, ƙasar da Ingilishi ke mulki, wurin dangin Zuwaira. Gajere yana jan igiya kan mangala, bai ɗago ba.

"Na faɗa musu," in ji Mainassara. "Gaban kowa na faɗa."

"Na ji labari."

"Zan tada katangar, da ɗakin, da duk abin da ya fashe. Ramin kuwa yau zan cike shi da ƙasa, da hannuna. Kada ka tafi."

"Awo da yarda ake yin shi," in ji Gajere, yana duba ƙullin. "Babu mai ba ni hatsinshi a garin nan kuma."

"To ka zage ni mana!" Muryar Mainassara ta karye, bai damu da Zuwaira na ji ba. "Ka tara kasuwa ka yage ni yadda ka saba. Ka faɗi duk abin da ya zo bakinka, ni na jawo. Ka ce wani abu, don girman Allah."

Gajere ya ƙulle igiyar, ya gwada ta da hannu ya ji ta ɗauru. Sannan ya juyo, ya tuɓe takalmansa, ya rusuna gaban ɗan gwaggonsa yadda sauran gari ke yi.

"Haba, wane ni. Mun gode da ɗawainiya, Kafaran. Allah ya ƙara girma."

Ya miƙe, ya zura takalmansa, ya kora jakunan suka fita ta zaure, Zuwaira tana biye da ragowar kwanoninta a ka.